Kwamfuta a Akwatin Jummai

A Gwaram idan ka ce Malam Barau, sai an tambaye ka wanne. Idan kuwa ka ce Barau mai rediyo, kowa zai nuna maka rumfarsa. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni sunana Abdulmuhaimin, ɗaukar bidiyon biki nake yi a Birnin Kudu. Na daɗe ina son ba da labarin Kawu, abin da ke riƙe ni shi ne babu yadda zan ba da shi ban tona wa kaina asiri ba. Tunda nake da shi sau ɗaya tak ya taɓa neman alfarma a wurina.

A Farin Dutse aka haife shi, gidan noma gaba da baya. Bokonsa bai wuce aji huɗu na firamare ba. Yana saurayi rediyon limamin unguwarsu ta faɗa randa, kowa ya yi wa liman jaje. Kawu ya karɓe ta ya kwance, ya shanya kayan cikinta a faifai kamar kuɓewa, bayan kwana biyu ya mayar, ta yi magana. Daga nan ya samu sana'a ya dawo Gwaram. Ya gyara rediyo, ya gyara kaset da talabijin da injin bidiyo, yanzu kuma waya da kayan sola. Yakan ce shi zamani ba ya iso masa sai ya lalace tukuna. Ba ya yar da komai, ko ƙusa ya tsinta tana da gwangwanin madarar da za ta shiga. Idan aka kawo masa gyara, kafin ya ɗauki abin awo sai ya shinshina. Da damina kuwa kada ma ka je rumfar kafin azahar, yana gona.

Matarsa ta fari, Inna Jummai, ta rasu 'yarsu Ikilima tana shekara uku. Ya sake aure daga baya, kuma an riƙe Ikilima tsakani da Allah. Akwatin auren Jummai ne dai ya ɗauke daga gida ya kai rumfa ya ajiye a lungu. Akwatin ƙarfe ne kore, mai zanen jan fure a murfi, irin wanda yanzu sai a ɗakin tsofaffi.

Ikilima taubashiyata ce, ni ɗan mace ita 'yar namiji, kuma ta riƙi wasan nan kamar aikin albashi. Ban taɓa shiga gidansu na fito da mutuncina cikakke ba. Idan na sa sabuwar riga ta ce aro ce, idan na yi aski ta yi wa wanzamin addu'ar shiriya. Nakan rama, amma ban taɓa cin ta ba.

Shekara biyu ina haɗa bidiyon mutane a waya. Sai ta ɗau zafi ta tsaya cak ana tsakiyar kamu, aikin wuni guda ya bi ruwa. Masu hali kuwa ko kallona ba sa yi, Kano suke kai aikinsu. Na je na tambayi kuɗin kwamfutar da za ta iya aikin, na tarar ta fi ƙarfin aljihuna. Da na kai wa Kawu kukana, bai ko ɗago daga wayar da yake gyarawa ba.

"Ita kwamfutar daga sama aka sauko da ita a dunƙule?"

Na ce a'a, haɗa ta ake yi.

"To mu ma mu haɗa mana."

Kawu ba ya jin Turanci, ni kuma ban san kan waya ja da baƙa ba. Sai muka raba aiki, ina karanto bayani daga waya ina fassara masa, shi yana gyaɗa kai. Cikin mako guda ya fi ni gane abin da nake karantawa. Muka hau mota muka tafi Kano kasuwar 'yan gwanjon kwamfuta. Muka sayi madabod, wato babban faifan da komai ke hawa kansa, da furosesa wato ƙwaƙwalwarta, da ram mai riƙe aikin da ake cikin yi, da katin hoto wanda shi ne ke ɗaukar nauyin bidiyo. Duk abin da aka miƙo sai Kawu ya kai hanci. Masu shago suna ta dariya, ni ina ta ja da baya don kada a ce tare muke, amma sau biyu yana mayar da kaya yana cewa wannan ya taɓa ƙonewa, kuma ba wanda ya musa masa. Akwatin raba wuta ne kaɗai ya ce lallai sabo za a saya.

A kan hadis muka saɓa, wato ma'ajiyar da duk aiki ke kwana a ciki. Ya kara wanda aka ba mu a kunne ya girgiza a hankali, ya ce wannan ya sha wuya, mu nemi sabo. Ni kuwa idona na kan wani faffaɗan gilashin kallo, irin fuskar talabijin, da nake so mutane su gani idan sun shigo shago. Na ce a lallaɓa da tsohon kafin Allah ya hore. Ya ce to, ai kayanka ne.

Gidan da za a zuba kayan kyauta aka ba mu, na wata tsohuwar kwamfutar ofis. Da muka dawo rumfa sai katin hoton ya ƙi shiga, ya fi gidan tsawo da yatsa uku. Na zauna na yi tagumi. Kawu ya dubi nan ya dubi can, ya miƙe ya jawo akwatin Jummai daga lungu. Ya kwashe 'yan zannuwan da ke ciki ya naɗe su a buhu, ya ɗauki guduma da ƙusa.

Na ce, "Kawu, akwatin Inna ne fa."

"Shekara goma sha takwas yana zaune ba ya aikin komai. Riƙe min nan."

Wuni biyu yana hudawa. Ya yanke tagogi biyu ya ɗaura fanka, ɗaya na jawo iska ɗaya na fitarwa, ya rufe su da ragar rariyar tankaɗe saboda ƙwari da 'ya'yan ƙadangaru. Ya shimfiɗa katako a ƙasa ya ɗaure madabod a kai. Da ya danna makunni, fanka ta juya, gilashi ya kawo haske. Bidiyon da wayata ke kwana tana nishi a kansa, kafin mu idar da la'asar ta gama shi. Na yi murnar da har na rungume Kawu, abin da ban taɓa yi ba.

Ikilima ta kawo wa babanta abinci ta tarar da mu. Ta zagaya akwatin tana riƙe baki.

"Barka, taubashi. Akwati dai ya samu, saura matar da za ta yarda."

Kawu ya dafa murfin ya ce min, "Abu ɗaya zan gaya maka. Numfashi take yi kamar ni da kai. Kada ka rufe ta, kada ka matse ta da bango."

Washegari ya fito da alfarmarsa. A ƙasan akwatin, ƙarƙashin zannuwan, akwai wani kaset ɗin bidiyo. Shekarun baya wani Alhaji ya kawo masa kyamara gyara, da ya gama sai ya je gida ya gwada ta a tsakar gida. Minti goma sha ɗaya ne, Jummai tana daka da Ikilima goye a bayanta, tana yi masa faɗan ya daina haska ta. Ban da wannan ba ta da hoto ko ɗaya a duniya. Tun da ta rasu bai iya kunna shi ba, da Ikilima ta yi wayo kuma kaset ɗin ya riga ya yi fumfuna, yana tsoron sau ɗaya kawai zai yarda ya juya.

"An sa bikinta bayan ƙaramar Salla," in ji shi. "Ka juye shi a cikin na'urarka, ka wanke shi ya fito sosai. Ina so ta ga uwarta kafin a kai ta Basirka."

Shi ya goge zaren kaset ɗin da auduga, taku bayan taku. Shi ya tayar da wani tsohon injin bidiyo ya jona shi da kwamfutar ta wata 'yar na'ura da muka aro. Ya danna, sannan ya fita ya zauna a benci a waje ya ba mu baya. Ya ce shi da Ikilima za su gani tare. Da kaset ɗin ya kai ƙarshe, injin ya zo mayar da shi baya sai ya cukuikuye zaren ya tsinka shi gutsi-gutsi. Kawu ya leƙo ya tambaya ko ya shiga. Na duba na ce ya shiga duka. Ya yi hamdala, ya ce in samu filashi in ƙara ajiye shi a ciki. Na ce da zarar na wanke shi.

Na kai kwamfutar shagona a Birnin Kudu na ɗora a tebur. Aiki ya fara shigowa, don duk garin ba mai fitar da bidiyo da sauri kamata. Ikilima takan kira ni ta ce, "Mai akwati, yaushe zan ga Innata?" Ni kuma in ce sai ta kawo tukwici. Kullum da aikin da ya fi gaggawa, na gida kuwa ai ba ya guduwa.

Wata rana wata Hajiya Mansura ta zo da ƙawarta a kan bikin 'yarta. Irin aikin da na daɗe ina mafarki ne. Tana cikin bayani idonta ya faɗa kan tebur.

"Ikon Allah. Wannan ba irin akwatin kakata ba ne? A ciki za a haɗa bikin 'yar tawa?"

Suka yi dariya har da tafawa, ƙawar ta ɗauki hoto da waya. Aikin dai ta ba ni, amma kafin kwana biyu hoton ya zaga gari. A majalisarmu aka raɗa min Ango. Wani ya tambaye ni ko turmi nawa ne a ciki. Na yi ta yaƙe, raina kuwa kamar ya fita. Ba na son a yi min dariya, halina ne tun ina ƙarami, kuma na san ba hali ne mai kyau ba.

Da kuɗin aikin Hajiya na je Kano na sayo fankon gidan kwamfuta, baƙi mai gilashi a gefe da fitilu masu canja launi. Kuɗin nan sun isa in sayi sabon hadis da filashi har da canji. Gidan babba ne, zai ɗauki kayan tsaf, amma ni ban iya kwance su ba, kuma ba ni da idon da zan kalli Kawu in ce akwatin matarsa kunya yake ba ni. Sai na ɗora fankon a tebur na jona masa fitilunsa kawai. Akwatin kuma na tura shi cikin kabad ɗin katako a ƙarƙashin tebur, na zaro wayoyi ta baya. Da na ga jan furen yana leƙowa ta tsagar ƙofa, na lulluɓe shi da bargo. Masu shigowa suka koma yaba fitilu, ni kuma ina amsawa da cewa ai kayan waje ne.

Ana nan Kawu ya zo Birnin Kudu ganin likitan ido, ya biyo ta shagona. Ina hango hularsa na yi wuf na tare shi a ƙofa. Na zaunar da shi a benci a waje, na ce ciki zafi, na sayo masa ruwan sanyi.

"Tana numfashi dai ko?"

"Lafiya lau, Kawu."

"Aikin Jummai fa?"

"Saura kaɗan."

Ko buɗe shi ban yi ba. Da ya miƙe zai tafi, wani mai kawo min aiki da ke ciki ya tambaye ni wane ne dattijon. Na ce wani mai gyara ne daga Gwaram. Ban yi ƙarya ba, amma ban ce kawuna ba ne, kuma bai yi nisan da ba zai ji ba.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Wanda ya san Birnin Kudu ya san yadda duwatsun nan ke riƙe zafi su mayar wa mutane. Ga bukukuwa sun yi yawa, kwamfuta na aiki tun safe har magariba a cikin kabad a cikin bargo. Ranar farko da ta mutu da kanta na ɗora wa janareta laifi. Rana ta biyu na jira ta huce na sake kunnawa. A rana ta uku da ta mutu, na kunna sai na ji wani sauti daga ƙarƙashin tebur, ƙas, ƙas, ƙas, gilashi kuma baƙi ƙirin. Na buɗe kabad wani huci ya buge ni. Da na yaye bargon na dafa murfin, sai da na janye hannu.

Aikin mutane bai dame ni ba, duk yana nan a katin kyamara. Bidiyon Inna Jummai ne kaɗai ba shi da wani gida sai wannan hadis ɗin. Na lallaɓa na cire shi da kaina, na kai Kano a ɓoye. Masu gyara biyu suka duba. Na biyun ya buɗe a gabana ya nuna min faifan ciki duk ya karce, ya ce ko ƙasar waje aka kai sai dai a yi haƙuri. Saura mako uku biki.

Kwana huɗu na yi ina tsara ƙarya. Na ce zan ce tsawa ce, to ko hadari bai fara haɗuwa ba. A rana ta biyar na ɗaure akwatin a bayan babur na kama hanyar Gwaram, ina tafiya kamar mai raka gawa.

Na tarar da Kawu shi kaɗai. Na sauke akwatin na ce ta ƙi tashi. Ya buɗe murfin ya sa hanci. Ya shafa ragar fanka da yatsa, ya ɗago da wani dunƙulen gashin bargo, ja da shuɗi. Ya daɗe yana kallonsa.

"Sanyi take ji?"

Nan na durƙusa na faɗa masa komai, da Hajiya, da fanko, da kabad, da zuwa Kano. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya tambaye ni filashin fa, na ce ban saya ba. Ya ce innalillahi a hankali, ya zauna a kan bencinsa, ya cire hula ya riƙe a hannu.

Muna haka Ikilima ta shigo da kwanon abinci, da jan lalle na gwaji a yatsa ɗaya. Tana ganina ta washe baki.

"A'a, Ango da kansa. An dawo da lefen ne, an fasa?"

Ba wanda ya yi dariya. Babanta ya gaya mata cikin kalma kaɗan. Ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali. Ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya tana murza bakin mayafinta. Can ta dube ni.

"To ai kai ka gani, ranar da aka juye. Kai kaɗai ne a ciki. Wane irin zane ta ɗaura?"

Kafin in amsa ta ƙara jefo wata.

"Muryarta fa? Baba ya ce fuskar tana nan a ransa, amma muryar ta ɓace masa. Irin tawa ce?"

Abin da na gani a ranar shi ne turmi, da ƙofar ɗaki, da wata kaza ta gifta. Da na tabbatar hoto na shiga sai na rage sauti na ɗauki waya, don ana musun ƙwallo a zauren hirar abokaina na cikin waya kuma an taɓo ƙungiyata. Ban ɗago ba sai da injin ya fara cin zare. Wata bakwai yana wurina ban sake buɗe shi ba. Ina iya cewa atamfa ce shuɗiya, muryar kuma sak taki, ba mai ƙaryata ni. Na buɗe baki in faɗa, na ga yadda Kawu ya ɗago yana jiran amsar shi ma.

Na ce, "Ban kalla ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki kwanon ta matsar kusa da babanta, ta ce, "A sauka lafiya, Yaya." Tunda muke ba ta taɓa ce min Yaya ba.

Kawu ya ce in je in kawo masa wancan mai fitilun, in biya in sayo sabon hadis. Na kawo. Wuni ɗaya ya kwashe kayan daga akwatin ya zuba su a ciki, ya ɗaure wayoyi tsaf, ya ƙara fanka ɗaya daga tarkacensa. Bai yi min gori ba, bai kuma rage ingancin aikin ba ko kaɗan. Da zan tafi na kai hannu kan akwatin, ban ma san me zan yi da shi ba. Ya ce in bar shi, mai shi za ta tafi da abinta.

Ni na ɗauki bikin. Ranar da za a kai kayan ɗaki Basirka, ina tsaye a ƙofar gida da kyamara ana loda mota. Bayan gado da katifa da kwanuka sai aka fito da koren akwati, an wanke shi, an mayar da zannuwan Jummai ciki, ana hango su ta tagogin fanka. Wata tsohuwa daga dangin ango ta tsayar da masu ɗauka, ta zura yatsa a wata huda, ta ce wane mara tausayi ne ya yi wa akwati haka. Ikilima tana daga cikin zaure ta amsa, kuma muryarta ta fito sarai a kyamara.

"Babana ne. Don Yaya Abdulmuhaimin ya samu sana'a."

Kawu yana nan a rumfarsa, idon ya ɗan yi sauƙi, bana ma ya samu gero. Idan na je yakan tambaye ni ko tana numfashi, in ce lafiya lau. Kwamfutar tana kan tebur, duk wanda ya shigo sai ya yaba fitilun, ni kuwa na fi so a yi shiru. Bidiyon bikin Ikilima na ajiye shi wuri huɗu. Da nake haɗa shi na zo kan maganar nan tata, na ɗora yatsa zan yanke, na fasa. Shekara guda ke nan da bikin. Duk Juma'a takan kira ni daga Basirka ta ce ina wuni Yaya, ya aiki, a gaida mutanen gida, ni kuma in riƙe wayar ina jira ko za ta ce min mai akwati.